Yaya, Kafin Ki Turo Kuɗin Kayan Ɗakin Nan Ikko

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonki, kuma Allah Ya sanya alheri a wannan aure. Kin ce in sayo wa amarya kayan ɗakinta gaba ɗaya a nan Ikko, wato Legas, tunda an gaya miki komai na Ikko araha ne saboda nan jirgin ruwa ke sauke kaya. Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai miki maganar ƙarshenta ba.

Shekarata shida ke nan a Agege, abin da na gane shi ne duk abin da ya hau tirela daga Arewa, a nan ya zama ɗan sarki. Tumatirin Kadawa da kike rainawa a 'Yankaba, kafin ya iso kasuwar Mile 12 ya ci tafiyar kilomita kusan dubu, ya ci kuɗin gas, ya ci na shingayen hanya, wani ma ya ruɓe a kwando. Haka albasar Aliero, haka wake, haka attaruhu. Abin dariya, masu sayarwar 'yan uwanmu ne, da Hausa za ku yi ciniki tun daga sallama har biyan kuɗi, amma farashin na Ikko ne. Dabarar da muke yi, mu huɗu a gidan haya muke haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya fita bayan asuba ya sayo kwando guda mu raba. Idan miyar ranar ce ma, waɗanda suka fara fashewa ake nema, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ki sani ɗan dako zai karɓi nasa, mai mota zai caji kwandon kamar fasinja.

Awo ma sai da na sake koyo. A nan ba a san tiya ba. Da gwangwanin tumatir ake auna shinkafa da wake, suna ce masa derika, babban awo kuwa robar fenti ce. Satina na farko na sayi wake wurin wata mata a bakin titi, ina murna na yi ciniki, ina zuwa gida maƙwabcina ya juye shi a tasa derikar, sai ga shi bai cika ba. Ashe an bubbuge gindin gwangwanin ya shige ciki. Tun ranar nake karɓar ma'aunin in juya shi kafin a zuba. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne idan an gama awo ana neman "jara", wato gyararmu ce dai ta sha ruwan Ikko. Inda suka fi mu kuwa ba gardama: manja, garin kwaki, kifi, kwakwa da agada. Nama kam sai dai a yi haƙuri, ko da yake mu na Agege mayankar Oko-Oba na kusa da mu.

To, mu dawo kan kayan amarya. Atamfa da shadda ki saya a Kantin Kwari hankalinki kwance. Na zaga kasuwar Balogun ta nan Ikko na tambaya, bambancin bai kai ya biya kuɗin mota ba, kuma a Kwari kina da mutanenki da za su karɓi kaya idan an ga aibi. Inda Balogun ta yi zarra shi ne leshi, ashoke, jaka da takalmi, musamman idan da yawa za a ɗauka. Shagunan bakin hanya ba nan ake saye ba, sai an kutsa lungu an hau bene wurin masu sari, inda 'yan bakin hanyar su ma suke ɗaukowa. Kayan kicin kuma, tukwane da kuloli da robobi, dozin-dozin ake samun sauƙinsu a wajen Idumota. Gado da kujeru kada ma ki sa a lissafi, kafintan unguwa zai yi miki ba tare da an fasa madubi a hanya ba.

Cinikin nan ma daban yake. A Kano idan tayi bai yi ba, mai kaya zai ce albarka, a rabu lafiya. A nan idan kika taya ƙasa sosai da sassafe, kafin mai shago ta yi cinikin farko, za ki sha faɗa da yaren da ba kya ji, wataƙila ma gara da ba kya ji. Kuma da sun ga hula sun kira ni "aboki", kuɗin ya tashi. Na koyi kalmomi kaɗan: "elo ni", nawa ne ke nan, sai "jale", wato gaya mini na ƙarshe. Daga nan sai in juya kamar zan tafi. In an kira ni, da sauran ragi. In an bar ni na yi nisa, to na taɓo gaskiyar kuɗin, sai in shiga shago na gaba da wannan farashin a baki.

Talabijin da injin markaɗe da dutsen guga, kasuwar Alaba International da ke Ojo ita ce uwa. Sharaɗi biyu: a jona a gabanka ka ga yana aiki, a kuma ba ka rasit mai lambar shago. Samarin da ke tare mutum a ƙofa su ce za su kai shi wurin mai araha, ladansu a kan kuɗin mai saye yake. Firji dai ki saya a Sabon Gari, ɗaukarsa zuwa Kano zai cinye ribar.

Babban mai cin arahar Ikko shi ne hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin danfo, wato bas ɗin haya na nan, bai sake zama wuri ɗaya ba, acaɓa kuma an hana shi a manyan unguwanni tun 2022. Daga Agege zuwa Alaba da dawowa wuni ne cur, ranar ba ni ba shago. Jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege, ya rage mini wahalar zuwa wajen Balogun, amma da ƙullin kaya ba ya daɗi. Don haka sau ɗaya zan fita kowace kasuwa, kada a tuna wani abu bayan na dawo.

Su yaran gida kuma, in kina so in haɗo musu da gwanjo daga kasuwar Katangowa, nan kusa da Abule Egba, da sassafe ake zuwa lokacin da ake kwance dila.

Ki rubuto mini kalar leshin da lambar takalmin amarya, ki tambayi Hajiya kuloli saiti nawa take so. In kuɗin ya shigo kafin Laraba, zan ba direban da ke kawo mana albasa ya taho da su idan zai koma, ya ce a Na'ibawa zai tsaya. A gaida kowa da kowa.