Ƙarin bene a kan tsohon gida: ɗan kwangila mai lasisi, ko maginin da ya ce a fara yanzu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a wannan zaure, na ga amsoshi na ta shigowa gajeru, wannan ya ce "bi doka kawai", wancan ya ce "ai kowa haka yake yi". Maganar ta fi ƙarfin layi ɗaya. Ga abin da ya ce a taƙaice: yana da gida marar bene a cikin birni, yana son ɗora hawa ɗaya a kai. Mutum biyu sun ba shi farashi. Na farko ɗan kwangila ne mai lasisi, ya ce ba zai aza bulo ko ɗaya ba sai injiniya ya duba tsohon ginin, an yi zane, hukuma ta ba da izini, kuma kuɗinsa sun fi yawa. Na biyu magini ne da ya daɗe a sana'a, ba shi da lasisi, ya ce a fara mako mai zuwa, in an gama sai a nemi takarda. Wanne zai ɗauka?

Ɗan'uwa, ni dai na farko zan ce ka ɗauka. Bari in jera maka su biyun gefe da gefe, ka ga dalilina, ka kuma ga inda shi ma na farkon yake buƙatar ka sa masa ido.

Tukuna mu raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Lasisi na mutum ne ko na kamfani: shaida ce cewa hukuma ta san shi, ta yarda ya yi irin wannan aiki, kuma tana da abin da za ta ƙwace masa idan ya yi ha'inci. Izinin gini na aikin ne: wannan zane, a wannan fili, hawa kaza, da tazara kaza daga titi da bangon maƙwabci. Dubawa kuwa ita ce zuwan jami'i wurin aikin mataki-mataki, ya gani da idonsa ko abin da ke ƙasa ya dace da abin da ke takarda. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Mai lasisi na iya gini ba izini, kuma ana iya samun izini a yi gini daban da zanen. Shi lasisin ma ba iri ɗaya ba ne a duniya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗan kwangilar da ya yi aikin da ke buƙatar lasisi alhali ba shi da shi, kotu ba za ta karɓar masa kuɗin aikinsa ba, mai gida ma na iya neman a dawo masa da abin da ya biya. A Ingila kuwa babu lasisin bai-ɗaya na magina, ƙarfin dokar yana wajen masu duba gini, sai wasu sana'o'i irin aikin iskar gas da dole mutum ya yi rijista. Saboda haka ka fara tambayar hukumar birninka abin da take nufi da lasisi.

Ta fuskar lokaci, na biyu ya yi nasara, babu gardama. Zane, biyan kuɗin hukuma, jiran amsa, gyaran da za a ce a yi wa zanen, duk waɗannan makonni ne, wani wuri watanni. Ta fuskar kuɗin da za ka fitar a watan farko ma shi ne a gaba. Na amince da waɗannan biyun, in wuce.

Inda na tsaya na daɗe shi ne nauyi. Kankare mai rodi, kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, tana kai kusan kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. Idan gidanka murabba'in mita 100 ne, dekin kaɗai tan 36 ne. Ba a sa bulon bangon sama ba, ba a sa filasta da tayil da rufi ba, ba a sa tankin ruwa ba, wanda kowace lita 1,000 a cikinsa tan ɗaya ce, ba a sa mutane da kayansu ba. Duk wannan zai sauka ne a kan bango da harsashin da aka yi domin su ɗauki kwano da silin. Wataƙila wanda ya gina gidan tun farko ya yi tanadin bene, ya faɗaɗa harsashi, ya sa ginshiƙai. Wataƙila kuma bai yi ba. Kallon bango daga waje ba ya ba da wannan amsa.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. A hanyar na farko, injiniya zai sa a haƙa rami a gefen harsashi ya auna zurfinsa da faɗinsa, ya ga irin ƙasar da yake zaune a kai, ya binciki ko akwai ginshiƙai da yawan rodin da ke cikinsu, sannan ya yi lissafi ya sa hannu. Wani injiniya a hukuma zai sake duba lissafin. Amsar na iya zama "ɗora", ko "sai an ƙara ginshiƙai da sabon harsashi", ko "wannan gida ba zai ɗauka ba". A hanyar na biyu, abin dogaron shi ne ido da gogewa: zai daki bango da hannu ya ce gini ne mai ƙarfi, ya yi irinsa da yawa ba wanda ya faɗi. Ban ce ƙarya yake ba. Gogewar magini abu ne mai daraja, kuma akwai marasa lasisi da aikin hannunsu ya fi na masu ofis kyau. Sai dai ginin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa ba lalle ya nuna a shekarar farko ba. Yakan jira damina mai nauyi ta jiƙa ƙasa, ko tsatsa ta ci rodi, ko ranar da gida ya cika da jama'a.

Duniya ta ga wannan da idonta. Ginin Rana Plaza kusa da birnin Daka na Bangaladesh, wanda ya rufta ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum 1,134, an ƙara masa hawa na sama ne ba tare da izini ba, aka kuma jibga injuna da janaretoci a ginin da ba domin masana'anta aka zana shi ba. Kwana ɗaya kafin ya faɗi an ga tsagewa a jikinsa. Naka hawa ɗaya ne, na sani, amma lissafin nauyi ɗaya ne ga babban gini da ƙarami, kuma waɗanda za su kwana a ƙarƙashin dekin nan iyalinka ne.

Abu na biyu da ya raba su shi ne abin da kankare ke rufewa. Yawancin abin da ke riƙe gini, da zarar an zuba kankare ko an yi filasta, ba mai sake ganinsa. Shi ya sa ake tsara dubawa kafin a rufe: a ga ramin harsashi kafin a zuba, a ga rodin ginshiƙi da na dekin a ɗaure kafin a zuba, a ga wayar wuta da bututun ruwa kafin a shafe bango, sannan dubawar ƙarshe wadda ke kai ga takardar shaidar cewa gini ya kammala, ana iya shiga. Mai dubawa zai auna kaurin rodi, ya ƙirga tazarar da ke tsakaninsu, ya ga ko an ɗaga su daga katakon da ake zuba kankare a kai yadda kankare zai lulluɓe su ta ko'ina, domin rodin da ya kusa fitowa fili shi ruwa ke fara kamawa. Akan ɗebi samfurin kankaren a zuba a 'yan akwatuna, a matse su a na'ura bayan kwana 7 da kwana 28 a ga ƙarfinsa. Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane. A hanyar na biyu duk waɗannan ranaku za su wuce ba shaida ko ɗaya sai shi da yaransa.

Wannan ne ya sa alkawarin "in an gama sai a nemi takarda" bai kwanta mini ba ko kaɗan. Jami'in da ya zo bayan an yi fenti me zai gani? Idan mai gaskiya ne, zai sa a fasa wasu wurare, a huda kankare a ciri samfuri, ka biya tara, ka biya injiniyan da ka guje wa tun farko, kuma yana iya cewa a rushe abin da ya saɓa. Idan kuwa takarda ce kawai za a ba ka ba a duba komai ba, ka sayi kwanciyar hankali da hukuma, ginin yana nan yadda yake. A 2018 Turkiyya ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mutum ya biya kuɗi a yi masa rijista, alhakin ƙarfin ginin ya zauna a wuyan mai shi. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a ƙasar, kuma wannan afuwa na cikin abubuwan da aka fi zargi bayan haka.

Sai maganar alhaki. Idan lebura ya faɗo daga saman dekin, ko bango ya faɗa gidan maƙwabci, wa za a kama? Da mai lasisi, akwai yarjejeniya a rubuce, a birane da yawa akwai inshora ko kuɗin jingina da aka wajabta masa kafin a ba shi lasisin, kuma akwai hukumar da za ka kai ƙararsa. Da marar lasisi, kai ne mai gida, kai ne ɗan kwangila, kai ne mai ɗaukar ma'aikata. Wata dabara da nake so ka kula da ita: wani zai ce maka "je ka nemi izinin da sunanka a matsayin mai gina wa kansa, ni zan yi aikin". Wasu birane sun yarda mutum ya gina wa kansa, amma da ka sa hannu, duk kuskuren da aka yi sunanka ne a kai, shi babu shi a takarda ko'ina. Ranar sayar da gidan, ko neman rance da shi, ko neman diyyar gobara daga kamfanin inshora, hawan da ba ya cikin zanen da aka amince da shi yakan zama matsala.

Yanzu na farkon. Kada lasisi da tambarin hukuma su sa ka miƙe ƙafa. Babban kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rufta a 1995, mutum 502 suka rasu. Mai ginin ya canza zane, ya ƙara hawa na biyar, kamfanin da ya ƙi yarda da canjin aka sallame shi, kuma an ɗaure jami'an da suka karɓi cin hanci suka amince. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, a 1981, canji ɗaya da aka yi wa yadda ƙarafa ke rataye da barandar tafiya ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa, aka amince da shi ba a sake lissafi ba, mutum 114 suka mutu, injiniyoyin kuma aka ƙwace lasisinsu. A duka biyun akwai takardu. Abin da ya kashe mutane shi ne canjin da aka yi bayan zane. Don haka duk ranar da aka ce maka "wannan rodin babu shi a kasuwa, mu sa wancan", ko "mu matsar da ginshiƙin nan falo ya yi faɗi", amsarka ita ce a koma wurin injiniya ya rubuta ya sa hannu.

Ka kuma sani cewa jami'in hukuma mafi ƙarancin ƙa'ida yake dubawa, na ɗan lokaci, ya tafi wani wuri. Bai zo ya ga ko ana ba kankare ruwa na kwanaki bayan zubawa ba, ko an cire katakon dekin da wuri. Wannan aikin injiniyanka ne, wanda kai kake biya, ba wanda ɗan kwangilar ke biya ba. Ina roƙonka kada ka yi tsimi a nan.

Kafin ka ba shi ko sisi, karɓi lambar lasisinsa ka tabbatar da ita a wurin hukumar da ta bayar, ka ga sunan ya dace da na yarjejeniya, bai ƙare ba, kuma ya shafi irin wannan aiki, domin aron lasisin wani abu ne da ake yi. Nemi ganin izinin da idonka, ka ajiye kwafin zanen mai tambari a wurin aikin. Raba biyan kuɗi bisa matakai, kowane kaso ya biyo bayan an ci dubawar matakin, ka riƙe wani ɗan kaso, kamar 5 zuwa 10 cikin ɗari, sai takardar kammalawa ta shigo hannunka. Ranar ɗaurin rodi ka je da wayarka ka ɗauki hoton kowane ginshiƙi kafin a zuba.

Shi kuwa maginin nan na biyu, ban ce ka rabu da shi ba. Da fenti ne, ko tayil, ko gyaran filasta, ayyukan da yawancin birane ba sa neman izini a kansu, da shi zan ce ka kira. Idan ka yarda da hannunsa, ka yi wa ɗan kwangilar magana ya ɗauke shi aikin bulo da shafe a ƙarƙashinsa. Idan kuma bambancin kuɗin ne ya tsaya maka, biya injiniya ya duba harsashin tukuna, shi kaɗai, kafin ka yi alkawari da kowa. In ya ce gidan zai ɗauka, ka nemi izini ka yi aikin kashi-kashi gwargwadon ƙarfinka, kana lura da wa'adin izinin, don yakan ƙare idan aiki ya daɗe a tsaye. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa albarka a gidan.