Burgundi ko Kwarin Ron: Gonakin Inabin Wane Yanki Za a Ziyarta?

Masu zuwa Faransa sukan tambaye ni inda ya fi cancanta su je ganin gonakin inabi, Burgundi ko arewacin kwarin kogin Ron.

Burgundi gida ce ga nau'ukan inabi na Pinot noir da Chardonnay. Fatar Pinot noir ba ta da kauri, ruwan sama dab da girbi yana iya ruɓar da shi, shi ya sa manoma suke lallaɓa shi kamar ƙwai. A Ron kuwa inabin Syrah ne ke sarauta, baƙi wuluk, mai son rana, kuma ana noma shi a tuddai masu gangara inda sai da hannu ake tsinkarsa.

Jirgin ƙasa mai sauri daga Faris zuwa birnin Dijon na Burgundi bai kai awa biyu ba, daga nan garin Beaune kusa yake, amma garin Tain-l'Hermitage na kwarin Ron yana can kudu da birnin Lyon. Masauki a Beaune yakan yi tsada, musamman a Nuwamba, lokacin gwanjon giyar tsohon asibitin garin, wanda aka kafa a 1443.

Ga wanda ba ya shan giya, Tain ta fi kwanta mini a rai, domin a gindin tudun Hermitage akwai gidan cakulan na Valrhona, inda ƙamshin koko yake tarbar mutum tun daga bakin ƙofa.

Mai sha'awar tarihi, Burgundi ta fi dacewa da shi, tunda UNESCO ta sanya gonakinta cikin kayan tarihin duniya a 2015. Mai tafiya da yara, ko mai ƙarfin hawa tudu, ya nufi Ron.