Wace kyamara za ka saya kafin ka karɓi bikin farko?

Ɗaurin aure ba ya cika minti goma. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, liman ya yi addu'a, a shafa, jama'a su miƙe ana musabaha. Idan kyamararka ta ƙi kama saiti, wato fuska ta fito tar ba dishi-dishi ba, a wannan ɗan tsakanin, babu mai sake tara maka mutanen nan. Da wannan nake auna duk kayan da sabon mai hoto ya zo yana tambayata ko ya saya.

Tambayar da aka fi yi min ita ce: tsohuwa ta hannu mai madubi a cikinta (DSLR), ko marar madubi (mirrorless) irin ta yanzu?

A ɓangaren masu madubi, uku ne suka fi yawo a hannun 'yan kasuwa: Canon 5D Mark III da Canon 6D, dukansu na 2012, sai Nikon D750 ta 2014. Kuɗinsu ya sauko tun da manyan masu hoto suka koma marar madubi, amma hoton da suke fitarwa bai tsufa ba. Batirinsu yana da juriya. Na D750 yana wuce hoto 1,000 a caji ɗaya, kuma wanda ya taɓa zagaya gidan biki yana neman soket bayan an ɗauke wuta ya san darajar hakan.

Cikin ukun 6D ce ta fi araha, ita ce kuma nake hana mutane. Tana gani da kyau a duhu, ba a ƙi ba, sai dai ramin katin memori ɗaya gare ta. Sauran biyun suna ɗaukar kati biyu, kowane hoto ya sauka a wuri biyu lokaci guda. Na taɓa dawowa daga wani kamu, na zura kati a kwamfuta, ta ce sai an goge shi kafin ya buɗe. Kwana biyu ina fama da manhajar ceto hotuna. Wasu sun dawo, amma daidai wurin da dangin ango suka gama ciniki da ƙawaye aka fesa wa amarya turare, babu ko ɗaya. Uwar amarya ba ta yi min faɗa ba. Ta kalle ni ta ce, "To, Allah ya kyauta." Gara a ce ta zage ni. Tun ranar ban sake shiga biki da kyamara mai kati ɗaya ba, don haka Canon RP da R8 ma, duk da sauƙin kuɗinsu da rashin nauyi, ba sa cikin lissafina.

Marar madubi da zan iya ba ka shawara a kanta ita ce Sony A7 III ta 2018, ko Canon R6 ta 2020 idan aljihu ya yarda. Kowacce kati biyu take ɗauka. Suna bin idon mutum da kansu, wanda ke taimakawa sosai lokacin da amarya ta shigo dina tana taku a hankali, ƙawaye na rausaya a bayanta. Kana kuma ganin hasken hoton tun kafin ka danna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harabar masallaci da rana tsaka, inda farar shadda da babbar riga ke ƙonewa a hoto har aikin wuya ya ɓace. Amma idan amarya ta ja mayafi ta rufe fuska ranar buɗar kai, bin idon nan yakan rikice, dole ka iya saiti da hannunka. Batirinsu bai kai na tsofaffin juriya ba. A lokacin hunturu kuma, duk sanda ka cire gilashi (lens) daga A7 III, sensa, wato farantin ciki da ke kama hoton, a buɗe take, ƙura na sauka. R6 tana rufe tata idan ka kashe ta.

Nawa ra'ayin, idan kuɗinka kaɗan ne kuma hoto kawai za ka yi, ɗauki D750 ko 5D Mark III, ragowar kuɗin ka zuba a gilashi da filasha. Idan amaren da kake nema irin masu son gajeren bidiyo ne na Instagram da TikTok, ka daure ka tara na A7 III, don 5D Mark III ba ta bin mutum da saiti a bidiyo.

Gilashin ne ma ya fi kyamarar tasiri. 50mm f/1.8 shi ne mafi araha, yana shan haske (ƙaramar lambar f na nufin haske mai yawa ke shiga), kowa da shi yake farawa. Matsalarsa ɗakin amarya: ƙawaye ashirin, gado, akwatuna, kai kuma bayanka ya riga ya taɓa bango amma rabinsu ba su shigo hoton ba. Shi ya sa idan gilashi ɗaya za ka iya saya, ya zama 24-70mm f/2.8, ko Tamron 28-75mm f/2.8 ga mai Sony. 24-105mm f/4 ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi janyo nesa, sai dai da magariba ta yi ba ya motsi sai da filasha. Daga baya ka ƙara 85mm f/1.8 don hoton amarya ita kaɗai da zanen lalle a hannunta. Shi kuwa 70-200mm f/2.8 da kowa ke sha'awa, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Yi hayarsa ranar da ka samu babban zauren dina.

Filasha kuma, Godox TT600 tana cin batir AA kuma da hannu ake saita ƙarfinta. V860 tana da batirinta na caji, tana auna haske da kanta, ita ta fi dacewa da wurin da fitilun DJ ke sauya launi kowane daƙiƙa. Ka dai duba harafin ƙarshe, C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Kada ka haska amarya kai tsaye, kwalliyar za ta yi ƙyalli kamar an shafa mai. Juya kan filashar sama ta bugi farin silin. Idan masu ado sun lulluɓe silin ɗin da jan yadi, fuskar kowa ja za ta fito, sai ka koma kan ɗan farin katin da ke jikin filashar.

Ko a Banex ta Abuja za ka saya, ko Computer Village ta Ikeja, ko hannun wani mai hoto da zai canza kaya, je da katinka da kwamfutarka. Duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. 5D Mark III da D750 duka an ƙiyasta musu juriyar ɗaukar hoto 150,000 ne, don haka wadda ta haura 120,000 a rage maka kuɗi sosai. Ɗauki hoton farin bango a f/16 ka ga tabon da ke kan sensa. Haska tocilar waya ta cikin gilashin: idan ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye musu abinsu. Gwada ramukan katin duka biyun, don akwai masu sayar da kyamarar da raminta ɗaya ya mutu ba su faɗa ba. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa, ka saya inda ka amince, kuma 64GB guda huɗu ya fi maka 256GB guda ɗaya. Idan akwai mai ba da hayar irin wadda ka zaɓa a garinku, karɓi ta Juma'a zuwa Lahadi, ka bi wani babban mai hoto a matsayin mataimaki, ka ga yadda wuyan hannunka zai kwana bayan awa goma kafin ka tura kuɗi.