Cajin fanka, tocila da injin aski a mota: me ya kamata ka saya?

Kafin ka zaro kuɗi, juya bayan kayan ka karanta abin da aka rubuta kusa da ramin cajinsa. In ka ga 5V, cajar USB da ake sokawa a ramin laita, wato ramin kunna sigari na gaban mota, ta wadatar. In 12V ne, kebul kawai kake bukata. In kuwa mai haƙora biyu ne da ake cusawa a bango, irin tocilolin da suka cika kasuwannin Gusau da Ƙaura Namoda, wutar gida yake so, sai da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batirin mota irin ta gida.

Cajar USB ta fi araha, ta kuma fi rashin matsala. Fis ɗin ramin laita yawanci amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180, alhali waya da na'urar POS da injin aski mai batir kowanne bai cika wuce wat 20 ba. Nemi wadda aka rubuta 12–24V a jikinta, domin tirela da tifa bolt 24 suke bayarwa, nan take za su ƙona wadda aka yi don ƙaramar mota kaɗai.

Fanka mai shigar 12V tana da tarko. Batir cikakke 12.6 yake nunawa, amma da an tayar da inji altaneta, mai cajin batir, na kai shi wajen 14.4. Wata fankar ta jure, wata allon cajinta ya ƙone. Kebul mai ragileta a ciki, wadda ke tsayar da wutar a bolt 12, ya fi, kuma a sa mai riwaya ya gwada fositib da nagatib da mita kafin a jona.

Inbata kala biyu ce. Mai arhar, wadda kwalinta ke ɗauke da "modified sine wave", wutarta ba sumul take ba. Tocilolin nan masu haƙora kan ɗau zafi a kanta har su lalace, injin aski mai igiya kuma ya riƙa kuka. Mai "pure sine wave" ta fi tsada, amma ita ke ba da wuta irin ta gida. Kowacce tana zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar a zafi, don haka sayen inbata saboda cajin waya asarar kuɗi ne.

Inbata mai wat 300 in ta ɗau cikakken kaya tana jan kusan amfiya 28. Ramin laita ba zai iya ba, fis zai yanke. Masu naɗa wayar tagulla a gurbinsa gobara suke gayyata. A ja kebul mai kauri, mai lamba 6mm², gajere, kai tsaye daga batir, da fis na amfiya 40 dab da kan fositib.

Batirin mota don tayar da inji aka yi shi. Kayan wat 60 kan ja amfiya 5 zuwa 6, cikin awa shida sun cinye rabin batir mai 60Ah, da safe sai neman masu turi. A yi caji mota na tafiya. Wasu motocin ba sa yanke wutar laita ko an zare makulli, sai ka gwada taka.

A zafin watan Afrilu kada a bar kaya na caji a kan dashbod. Batirin litiyam ba a cajinsa a zafin da ya haura digiri 45, kuma motar da aka rufe a rana a tashar Talata Mafara ta fi haka nesa ba kusa ba.