Filastar 'yan wasa a gwiwata: abin da ta yi min da wanda ba ta yi ba

Wanda ya kalli wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2012 zai tuna lokacin da Balotelli, ɗan wasan Italiya, ya zura wa Jamus ƙwallo ta biyu ya tuɓe riga, sai ga wasu shuɗayen layuka manne a bayansa. Filastar Kinesio ke nan. Wani mai gyaran gaɓoɓi ɗan ƙasar Japan, Kenzo Kase, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, amma ba ta yi tashe a duniya ba sai a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, inda aka riƙa ganin ta a kafaɗar Kerri Walsh, 'yar wasan ƙwallon ragar bakin teku ta Amurka. Daga nan ta bar hannun 'yan wasa ta shigo hannun irinmu.

Ni ciwon gaban gwiwa ne ya kai ni gare ta, irin wanda ke zagaye ƙoƙon gwiwa, ya fi tashi wajen saukowa daga bene ko bayan dogon zama. Likitar fisiyo (mai jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar atisaye) da ta duba ni ta ce tsokar cinyata da ta ƙuguna ce ba ta da ƙarfi. Ta rubuta min atisaye, sannan ta manna min filastar ta nuna min yadda zan riƙa yi da kaina.

Ba irin farar filastar nan mai tauri ba ce da ake ɗaure idon sawu da ita don kada ya motsa. Wannan auduga ce da aka saƙa da zaren roba, tana talewa ta tsawo kawai, har kusan kashi 40 cikin ɗari a kan tsawonta. Gam ɗin da ke bayanta ɗumi ke sa shi ya kama, shi ya sa ake murza ta da tafin hannu bayan an manna. Gwiwa tana lanƙwashewa yadda ta saba, ana wanka da ita, kuma takan yi kwana 3 zuwa 5 a jiki.

To me na ji? Ciwon bai tafi ba, amma kaifinsa ya ragu, musamman a kan matakala. Abin da ya fi wannan amfani a wurina shi ne yadda take ɗan jan fata duk sanda na motsa, sai hankalina ya koma kan gwiwar. Da na fara durƙuson atisaye gwiwa ta soma karkata ciki, sai in ji jan, in gyara tsayuwa, kamar wani ya dafa ni yana tuna min. Kuma tsoro ya ragu. Wanda bai taɓa fama da ciwon gaɓa ba ba zai gane girman wannan ba: mutum kan daina amincewa da ƙafarsa, ya riƙa lallaɓa ta, ya jibga nauyi a kan ɗayar har ita ma ta fara ƙorafi. Da filastar a jikina na iya yin atisayen da a da nake gudu, kuma atisayen nan su ne suka gyara gwiwar a hankali cikin makonni.

A nan nake da ja da yadda ake tallata ta. Ana cewa tana ɗaga fata ta buɗe wa jini da ruwan jiki hanya, tana ƙara wa tsoka ƙarfi, tana hanzarta warkewa. Masanan da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kanta sun gano cewa sauƙin da take kawowa ɗan kaɗan ne kuma na ɗan lokaci, sau da yawa ma bai wuce na filastar da aka manna haka kawai ba tare da bin ƙa'ida ba. Abin da na gani a jikina bai saɓa wa hakan ba. Ranar da na cire ta, ƙarfin ƙafata yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Launinta kuwa, baƙa ko shuɗiya ko ruwan hoda, ado ne kawai. Abin yana damuna in ga mai targaɗe sabo ya manna ta ya koma fili, yana zaton ta riƙe masa gaɓa. Abu mai talewa ba ya riƙe gaɓa.

Wajen mannawa akwai 'yan abubuwan da suka raba wadda za ta zauna da wadda za ta ɓantare kafin yamma. Fata ta kasance a bushe, babu mai babu zufa, in da gashi a rage shi. A zagaye kusurwoyin da almakashi don kada tufafi su kama su. Bakinta biyu, na farko da na ƙarshe, ba a ja su ko kaɗan, tsakiyar kawai ake talewa, ita ma ba har iyakarta ba. Jan da ya yi yawa shi ke kawo ƙaiƙayi da bororo a gefuna. Ni fatar bayan gwiwata ba ta son gam ɗin, takan yi ja, don haka nake barin fatar ta huta tsakanin mannawa da mannawa. Cirewa ma sai a hankali, ta inda gashi ya kwanta, ana danne fatar da yatsa. Ɗan mai yana sassauta gam ɗin. Fizge ta lokaci guda yana iya sale fata.

Ba a manna ta a kan rauni buɗaɗɗe ko fata mai ƙuraje, haka wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Tsofaffi masu siririyar fata da masu ciwon suga da ƙafarsu ta rage jin taɓi su tambayi likita tukuna. Wanda zai fara, ya bari ƙwararre ya duba shi ya manna masa ta farko, saboda inda ake jin ciwo ba lallai nan ne tushensa ba. In kuwa gwiwa tana maƙalewa, ko tana sulluɓewa a ƙarƙashin mutum, ko ta kumbura ta yi zafi, wannan ya wuce aikin filasta, asibiti za a nufa.