Ibuprofen ko diclofenac: wanne za a ba Mama don ciwon gwiwa?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya: mahaifiyarta mai shekara 64 tana fama da amosanin gaɓɓai a gwiwa, ga hawan jini tana shan magani. Tsakanin ibuprofen da diclofenac, wanne ya fi?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Magungunan nan 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna hana jiki samar da prostaglandin, sinadarin da ke kawo kumburi da raɗaɗi. Sai dai shi wannan sinadarin ne ke kare bangon ciki daga asid, shi ke kuma buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Shi ya sa duk wanda aka daɗe ana sha a cikinsu zai iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini.

Ibuprofen ana shan 200 zuwa 400 mg duk bayan awa shida zuwa takwas, kuma kada a haura 1,200 mg a rana sai da izinin likita. A wannan ma'auni haɗarinsa ga zuciya kaɗan ne. Diclofenac kuwa 50 mg ne sau biyu ko uku, iyakarsa 150 mg a rana. Yana kwantar da ciwo sosai, amma ya fi ɗan'uwansa nauyi a zuciya. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Turai ta hana ba da ƙwayarsa ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya. Ga dattijuwa mai hawan jini, idan dole sai ƙwaya, ibuprofen ya fi sauƙin haɗari, na 'yan kwanaki, bayan cin abinci.

Amma a ganinmu, da na shafawa ya kamata a fara. Diclofenac na shafawa yana ratsa fata ya kai ga gaɓar, abin da ke shiga jini bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya ke kaiwa ba. Gwiwa da yatsu suna kusa da fata, don haka yana yi musu aiki. Kwankwaso ya yi zurfi, ba ya kai masa. A matso giram 2 zuwa 4, a mulke gwiwar a hankali har ya bi fata, sau uku ko huɗu a rana, sannan a wanke hannu. Kada a shafa a kan rauni, kada a ɗora abu mai zafi a kai. A ba shi kamar mako guda kafin a ce bai yi ba.

Ki ɗauko ledar magungunan Mama ki karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari irin su furosemide, ƙara ƙwayar ibuprofen ko diclofenac a kansu na iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki, musamman in tana gudawa ko ba ta shan ruwa sosai. Warfarin da prednisolone suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Ibuprofen kuma yana rage amfanin ƙaramin asfirin na 75 mg da ake sha don zuciya. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne haɗa ƙwayar ibuprofen da ta diclofenac, ɗaya da safe ɗaya da dare: sauƙin bai ƙaru ba, illar ce ta taru. Paracetamol ba ɗan gidansu ba ne, ana iya haɗa shi da na shafawa, kada dai ya wuce giram 4 a rana.

Idan likita ya ga sai an daɗe ana shan ƙwaya, yakan haɗa da omeprazole 20 mg kullum don kare ciki, ya kuma riƙa gwada ƙoda da auna hawan jini.

A daina maganin nan take a nufi asibiti idan bahaya ta fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, ko ƙafafu suka kumbura, ko fitsari ya ragu, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya sarƙe, musamman ga mai asma. Idan kuma yatsun hannuwanta biyu suna kumbura, suna sanƙarewa fiye da awa guda da safe, wannan wani nau'in amosanin ne daban. Magungunan nan ba sa hana shi cin gaɓa, yana buƙatar gwajin jini da magani irin su methotrexate daga hannun likita.