Kafin Ka Zaɓi Manhaja da Na'urar Buga Tsofaffin Wasannin Gem

Duk wanda ya yi niyyar sake buga wasannin Sega Mega Drive, ko Super Nintendo, ko PlayStation ta farko a kan wayarsa ko kwamfutarsa, shawara biyu ce a gabansa, kuma mutane da yawa sukan cakuɗa su: na'urar da zai buga wasan a kanta, da manhajar da za ta kwaikwayi tsohuwar na'urar. Aikin manhajar kwaikwayo shi ne ta karɓi umarnin da aka rubuta wa tsohon furosesa ta juya shi zuwa wanda na'urar zamani ke ganewa, a daidai lokacin da wasan ke gudana, shi ya sa take buƙatar ƙarfi da ya ninka na asalin na'urar sau da yawa. Tun daga farko zan faɗi inda na tsaya. A ganina babu abin da ya kai manhajar RetroArch a kan na'urar Android wadda mutum ya shirya da hannunsa, da katin memori da ya saya daban ya gwada shi kafin ya zuba masa komai.

Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne zamanin da ake son tsayawa a kai, domin shi ne ke nuna irin ƙarfin da za a nema. Na'urorin da suka fito tun daga Famicom ta kamfanin Nintendo ta 1983, da Mega Drive ta 1988, da Super Nintendo ta 1990, har zuwa PlayStation ta 1994 da Game Boy Advance ta 2001, kusan kowace waya ta yanzu tana ɗaukar wasanninsu ba tare da numfarfashi ba. Nintendo 64 da Dreamcast da PSP suna son matsakaiciyar na'ura. PlayStation 2 da GameCube da Wii kuwa sai mai ƙarfi sosai, kuma a kan kwamfuta suka fi sakewa. Wanda ya san cewa wasannin ƙuruciyarsa ba su wuce PlayStation ta farko ba, ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

RetroArch ita kanta ba ta kwaikwayon kowace na'ura. Shimfiɗa ce guda da ake ɗora wa ƙananan injuna, waɗanda masu ita ke kira core, kowanne da na'urar da yake kwaikwaya: Snes9x na Super Nintendo, Genesis Plus GX na Mega Drive, Gambatte na Game Boy, mGBA na Game Boy Advance, Flycast na Dreamcast, da sauransu masu yawa. Amfanin wannan tsari shi ne sau ɗaya kawai za ka saita pad ɗinka, sau ɗaya za ka zaɓi inda za a riƙa ajiye ci gaban wasa, daga nan duk injunan su bi wannan tsarin. Kyauta take, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa, ba ta nuna talla, kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS da Android, har ma da iPhone tun daga shekarar 2024 da kamfanin Apple ya sassauta dokarsa a kan irin waɗannan manhajoji. Ke nan wanda ya koye ta a kan waya ya koye ta a ko'ina.

Akwai abubuwa uku a cikinta da suka sa na kasa barin ta. Na farko shi ne yadda take rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin da ake gani a allo, ta hanyar wata dabara da ke lissafa hoto ɗaya ko biyu gaba kafin a nuna shi; a wasannin tsalle da na faɗa, inda ƙiftawar ido ke raba nasara da faɗuwa, bambancin a yatsa ake jin sa. Na biyu shi ne gyaran hoto. An zana tsofaffin wasanni ne don talabijin mai ƙeya, wadda ke haɗe launuka da layuka ta yadda zanen ke yin laushi, idan kuwa aka baza shi tsirara a allon zamani sai ya zama tarin murabba'ai masu kaifi. RetroArch tana da matatun hoto da ke dawo da kamannin tsohuwar talabijin, kuma tana ba ka damar riƙe ma'aunin 4:3 yadda fuskokin 'yan wasan ba za su baje ba. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci a wurina, fayilolin ajiyarta a fili suke cikin folda ɗaya da za ka iya kwafewa ka kai wata na'urar ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ba zan ɓoye aibinta ba: farkon shigarta akwai ruɗani, domin jerin saitunanta yana da tsawo kuma sunayensu ba sa bayyana kansu. Amma wahalar yini ɗaya ce, kuma matakan da ake buƙata kaɗan ne. Ka sauke ta daga shafinta na asali, ka sauke injin na'urar da kake so, ka tara wasannin kowace na'ura a foldarsu, ka sa ta binciki foldojin ta jera su da kanta. Inda aka fi tuntuɓe shi ne fayil ɗin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da asalin na'urar. Wasannin PlayStation suna neman sa, kuma dole a ajiye shi cikin foldar da ake kira system da ainihin sunan da injin ke tsammani, misali scph5501.bin, domin harafi ɗaya idan ya sauya, sai ka danna wasa allo ya yi baƙi ya dawo da kai jeri ba tare da wani bayani ba. Haka kuma wasan faifai yakan zo da fayil biyu, bin da cue, kuma cue ɗin ake buɗewa; wanda ya mayar da su tsarin chd, mai matse su zuwa fayil ɗaya, ya huta da wannan, ya kuma rage cin wuri.

Manhajoji masu zaman kansu suna da nasu gurbin, kuma a wurare uku na yarda sun fi ta. PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012, ita ce ta PSP, kuma sauƙinta ya isa a yaba. Dolphin ce ta GameCube da Wii, PCSX2 kuma ta PlayStation 2 a kan kwamfuta. DuckStation tana gyara hoton PlayStation ta farko sosai ga mai son haka. Delta a kan iPhone tana da kyan gani da sauƙi, sai dai ƙarfinta a na'urorin Nintendo yake. Sauran tarkacen da suka cika rumbun manhajoji ba su cancanci a ɓata musu lokaci ba.

Ta fuskar na'ura, wayar da ke hannunka ita ce mafi arha, muddin ka haɗa ta da pad na gaske, domin maɓallan da ake zanawa a kan allo ba sa ba yatsa amsa, kuma suna rufe rabin hoton. Matsalarta batir da zafi da kiran da ke katse wasa. Saboda haka na fi son na'urar hannu mai tsarin Android irin su Retroid Pocket, wadda ke da maɓallanta a jiki, kuma duk abin da ka koya a waya yana aiki a kanta kai tsaye. Ƙananan na'urori masu tsarin Linux kamar Miyoo Mini Plus da Anbernic RG35XX, masu allon inci 3.5, suna da daɗin riƙewa amma kusan a PlayStation ta farko ƙarfinsu ke tsayawa. Steam Deck, da kamfanin Valve ya fitar a 2022, tana ɗaukar kusan komai, sai dai nauyinta da tsadarta sun yi yawa ga mai son wasan Game Boy kawai. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar RetroPie da ake ɗora mata na masu sha'awar haɗe-haɗe ne, manhajar Batocera kuma tana mayar da tsohuwar kwamfuta na'urar wasa daga filasha.

Sai dai duk wannan kwatance ba shi da amfani idan memorin da aka ɗora komai a kansa na bogi ne, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Yawancin na'urorin hannu masu arha ana sayar da su da kati a ciki, marar suna ko mai sunan aro, an cika shi da wasanni ana tallata dubbai. Na taɓa sayen irin wannan daga wani mai sayarwa a intanet, na yi nisa a wani dogon wasan labari, wata rana na kunna na tarar sunan fayil ɗin ajiyata yana nan a jeri amma cikinsa babu komai. Da na gwada katin sai na ga girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. Yadda ake wannan ha'inci shi ne a sauya bayanin da katin ke ba na'ura, ƙaramin kati ya riƙa cewa shi mai gigabait 128 ne. Yana karɓar fayil lafiya lau har ainihin wurinsa ya cika, daga nan duk abin da aka ƙara ko dai ya ɓace ko ya hau kan na baya ya lalata shi, alhali na'urar tana nuna maka cewa an ajiye. Kamar tulu ne mai huda a gindi, kana zubawa kana ganin ruwa a baki, sai ranar ƙishirwa ka gane.

Maganin abin ba shi da wuya. Ka sayi kati na sanannen kamfani daga amintaccen wuri, sannan kada sunan da ke jikinsa ya ruɗe ka, domin sanannun sunayen su aka fi kwaikwaya. Kafin ka zuba masa komai ka gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux, waɗanda ke cika katin gaba ɗaya da bayanai su sake karantawa su faɗa maka ainihin abin da ya riƙe. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma ka bari ya kai ƙarshe, domin a ƙarshen ne ƙaryar ke fitowa. Bayan haka ka saba kwafe foldar ajiya zuwa wani wuri lokaci-lokaci. Kada kuma ka dogara da ajiyar nan-take da manhajar ke yi kaɗai, domin takan ƙi buɗewa idan aka sabunta injin. Ajiyar cikin wasan ita ce mai ɗorewa. A kan Android ka tabbata foldar tana wajen da kai ka zaɓa, saboda abin da ke cikin foldar manhajar kanta yakan tafi tare da ita ranar da aka goge ta.

Su kansu dubban wasannin da ake tallatawa, idan ka duba da kyau, wasa ɗaya ne aka maimaita da sunaye daban-daban, wasu da harshen da ba ka ji, wasu kuma ba sa tashi sam. Akwatunan da ake haɗawa da talabijin ana rantsuwa suna ɗaukar PlayStation 2 sau da yawa furosesansu bai kai ba. Har na'urorin hannu ma ana yin jabunsu, jiki iri ɗaya amma kayan ciki daban, ta yadda manhajar da aka yi wa na asalin ba ta hawa kansu. Saboda haka ka nemi sunan furosesan kafin ka biya, mai sayarwar da ya ƙi faɗa kuwa ka bar masa kayansa.

A ɓangaren manhaja ma ha'incin bai fi sauƙi ba. Tunda lambobin manyan manhajojin a buɗe suke, wasu sukan kwashe su, su sauya suna da tambari, su cusa talla, har su sa musu kuɗi. Wasu shafuka suna yi maka alƙawarin buga wasannin PlayStation 4 ko 5 a waya idan ka amsa tambayoyi ko ka ba da lambarka. Wannan tarko ne tsagwaronsa. AetherSX2, wadda ta yi suna wajen PlayStation 2 a Android, mai ita ya daina aiki a kanta tun farkon 2023, don haka duk shafin da ke tallata sabon samfurinta a matsayin na asali abin tuhuma ne. Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida: fayil ɗin tsohon wasa ba ya ƙarewa da exe ko apk, kuma manhajar kwaikwayo ba ta da hurumin neman izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka.

Game da doka, a shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da Connectix, kamfanin da ya yi manhajar kwaikwayon PlayStation, cewa binciken da aka yi wa BIOS don gina manhajar kwaikwayo bai saɓa dokar haƙƙin mallaka ba. Amma wasannin da BIOS ɗin kansu mallakar kamfanoninsu ne, kuma a watan Maris na 2024 masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch, suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe ta, Citra mai kwaikwayon Nintendo 3DS ma ta tafi tare da ita. Hanya mafi tsabta ita ce mutum ya kwafe wasa daga faifan da ya mallaka, abin da kwamfuta mai wurin saka faifai ke iya yi wa wasannin PlayStation ta farko da ta biyu, sannan ya duba abin da dokar ƙasarsa ta tanada a kan hakan.